PRIMO CARNERA, TSAUNI MAI TAFIYA: DAGA FAGEN DAMBE ZUWA ALLON SILIMA

Gabatarwa

Ranar 29 ga watan Yuni na shekarar 1933, a birnin New York na ƙasar Amurka, wani ƙaton saurayi ɗan ƙasar Italiya mai suna Primo Carnera ya shimfiɗe zakaran damben duniya na wancan zamani, Jack Sharkey, a turmi na shida, ya karɓe kambin ajin masu nauyi. Bayan shekara 34 cif, wato ranar 29 ga Yuni, 1967, mutumin ya cika a ɗan ƙauyen da aka yanke masa cibiya, ciwo ya rame shi har waɗanda suka san shi da can suna kau da kai don tausayi. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ya yi dambe, ya yi kokawa, ya kuma fito a fina-finai da dama a Italiya da Ingila da Amurka.

Galibi idan ana ba da labarinsa akan ce ɗan dambe ne da ya rikiɗe ya koma ɗan wasan kwaikwayo bayan ƙarfinsa ya ƙare. To amma idan mai karatu ya bi tarihin daki-daki, zai ga cewa tun yana fagen dambe aka fara sa shi wasan kwaikwayo, sai dai a lokacin wasu ne ke kwashe ladan. Sai da ya koma inda kowa ya san wasa ake yi, sannan guminsa ya fara shiga aljihunsa.

Asali da Tasowa

An haifi Primo Carnera a watan Oktoba na 1906 a Sequals, wani ƙauye da ke gindin tsaunuka a yankin Friuli, arewa maso gabashin Italiya. Mutanen wannan yanki sun shahara da sana'ar ƙawata daɓe da bango da ƙananan duwatsu masu launi, dangin aikin da muka sani da sunan tarazo. Mahaifinsa ma sana'arsa ke nan. Ƙasar ba ta ciyar da mutanenta yadda ya kamata, saboda haka cin rani ya zama gado a wurinsu: magidanta su tafi Jamus ko Faransa ko Amurka neman abin rufin asiri, a bar mata da yara a gida.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tarar da shi yana yaro, kuma fagen daga bai da nisa da ƙauyensu. A ƙarshen 1917 sojojin Ostiriya da na Jamus suka mamaye yankin, yunwa ta yi wa jama'a katutu. Primo bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan saurayi ya bi sawun magabatansa, ya tafi wurin danginsa a yankin Le Mans na ƙasar Faransa, inda ya yi aikin ƙarfi da kafinta. Daga nan ya faɗa cikin ayarin masu wasannin nishaɗi da ke yawo gari-gari, suna kafa tanti suna karɓar kuɗin ƙofa. Aikinsa a ayarin shi ne ya tsaya a tsakiyar fili a nuna girman jikinsa, a kuma ƙalubalanci duk mai jin ƙarfi ya fito su yi kokawa. Tsawonsa ya kusa mita 2, nauyinsa ya kai wajen kilo 120, a zamanin da yawancin manyan 'yan dambe ba su wuce kilo 90 da 'yan kai ba.

A 1928 wani tsohon ɗan damben Faransa, Paul Journée, ya gan shi a garin Arcachon, ya lallashe shi ya koyi dambe, sannan ya haɗa shi da wani dillalin 'yan dambe mai suna Léon See. A watan Satumba na wannan shekara ya yi damben kuɗi na farko a birnin Paris, ya kuma kayar da abokin karawarsa a turmi na biyu.

Kura da Shan Bugu

Léon See ya san kasuwa. Ya lura cewa jama'a za su biya kuɗi don kallon ƙato ko da bai iya dambe ba, muddin dai yana kayar da mutane. Koyon dambe kuwa yana ɗaukar shekaru, shi kuma See ba shi da wannan haƙuri. Don haka ya riƙa tsara wasannin da hannunsa. Wani lokaci a zaɓo abokin karawa wanda ya riga ya tsufa ko ya gaji, wani lokaci kuma a biya shi a ɓoye ya kwanta da zarar an taɓa shi. Daga baya shi See da kansa ya rubuta cewa da yawa daga cikin wasannin farko na Carnera haɗa baki aka yi.

A ƙarshen 1929 aka tsallaka da shi Amurka. A can sai harkar ta faɗa hannun waɗanda suka fi See iya shege, domin an danganta tafiyar da al'amuransa da mutanen Owney Madden, wani ƙasurgumin ɗan ta'adda na New York wanda ya yi kuɗi da fasa-ƙwaurin giya, shi ne kuma mai gidan rawar nan da ake kira Cotton Club. A watan Janairu na 1930 Carnera ya fara dambe a babban zauren Madison Square Garden, ya gama da abokin karawarsa tun a turmi na farko. Daga nan aka shiga zagaya birane da shi, yau nan gobe can, kusan ko'ina sai an kwanta masa da wuri. 'Yan jaridar Amurka suka laƙaba masa suna suna kwatanta shi da tsaunukan Alps, mutanen ƙasarsa kuwa suka riƙa ce masa Tsauni Mai Tafiya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Afrilu na 1930, a jihar Kalifoniya, yana dambe da wani baƙar fata mai suna Leon Chevalier, sai ɗaya daga cikin masu kula da Chevalier ya jefa tawul cikin fage, alamar sallamawa, alhali ɗan dambensu yana tsaye garau. 'Yan kallo suka yi bore, hukumar dambe ta yi bincike, aka dakatar da Carnera na wani lokaci. Tun daga ranar zargi ya manne wa sunansa, ta yadda ko nasarar da ya ci da guminsa sai an yi mata kallon hadarin kaji.

Adalci shi ne a faɗi cewa mutumin bai zauna haka nan ba. Ya dage da horo, ya koyi amfani da doguwar hagunsa wajen tare abokin gaba daga nesa, kuma yana da juriya da ƙarfin hali. A ƙarshen 1930 ya doke Paulino Uzcudun a Barcelona ta ƙasar Sifaniya. A 1931 ya yi turmi 15 da Jack Sharkey, aka kai shi ƙasa ya tashi, duk da cewa Sharkey ne ya ci da maki. Amma kuɗin da ke shigowa, dillalai da masu hannun jari a jikinsa ne ke raba mafi tsoka a tsakaninsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kambin Duniya

A dambenmu na gargajiya idan aka ce wane ya yi kisa, ana nufin ya kai abokin karawarsa ƙasa. Abin da ya faru ranar 10 ga Fabrairu, 1933 ya wuce haka. Carnera ya kara da Ernie Schaaf a New York, a turmi na 13 ya kai masa wani naushin hagu wanda bai yi kama da mai cutarwa ba, sai Schaaf ya zube. 'Yan kallo suka ɗauka an sake haɗa baki, suka yi ta ihu ana fita da shi a sume. Bayan kwana huɗu Schaaf ya mutu a asibiti. Binciken likitoci ya nuna cewa ya shiga fagen ne da kumburi a ƙwaƙwalwa, bayan wata mura mai tsanani da bai gama warkewa daga gare ta ba. Duk da haka abin ya tsaya wa Carnera a rai, domin waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da taushin zuciya.

Wannan nasara mai ɗaci ita ta buɗe masa ƙofar sake haɗuwa da Sharkey, wanda a lokacin ya zama zakaran duniya. A turmi na shida Carnera ya ɗauke shi da naushin dama daga ƙasa zuwa haɓa, alƙalin wasa ya ƙirga goma bai tashi ba. Haka ya zama Ba'italiye na farko da ya riƙe wannan kambi. Masu zargi sun ce Sharkey kwanciya ya yi da gangan, shi kuwa Sharkey ya musanta haka har ƙarshen rayuwarsa. Abin da zai nuna wa mai karatu halin da sabon zakaran ke ciki shi ne, a cikin wannan shekara ta 1933 sai da ya kai kansa kotu ya bayyana cewa bashin da ake bin sa ya fi abin da ya mallaka.

Bayan dillalai, sai ga wani mai cin moriyar. Gwamnatin kama-karya ta Benito Mussolini ta ga ƙaton da za ta nuna wa duniya a matsayin shaidar ƙarfin Italiya. Aka sa masa baƙar riga irin ta 'yan jam'iyyar Fasis, aka shirya masa dambe a birnin Rum a watan Oktoba na 1933, inda ya sake doke Uzcudun a gaban Mussolini da dubban jama'a. A watan Maris na 1934 ya kare kambinsa a Miami daga Tommy Loughran, wanda ya fi shi gwaninta amma Carnera ya ɗara shi nauyi da kusan kilo 39.

Fim na Farko da Abin da ya Biyo Baya

Yana riƙe da kambin ne kamfanin fina-finai na MGM ya gayyace shi Hollywood. Fim ɗin shi ne The Prizefighter and the Lady, labarin wani ɗan dambe da wata mace mai aji, wanda ya fito a ƙarshen 1933. Jarumar ita ce Myrna Loy, jarumin kuwa Max Baer, ɗan damben da ke kan gaba cikin masu neman kambin Carnera a zahiri. Carnera ya fito da sunansa na gaskiya a matsayin zakaran duniya, tsohon zakara Jack Dempsey kuma ya fito a matsayin alƙalin wasa. Carnera bai yarda a nuna an doke shi ba, don haka aka gyara labarin, damben ƙarshen fim ɗin ya tashi canjaras.

Sai dai kwanakin da suka yi suna gwada naushin wasa a gaban kyamara sun ba Baer damar nazarin abokin hamayyarsa a kusa. Ranar 14 ga Yuni, 1934 suka haɗu da gaske, a filin da Carnera ya ci kambin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baer ya kai shi ƙasa aƙalla sau goma, ya ji rauni a idon sawu tun wasan bai yi nisa ba, amma duk faɗuwa sai ya miƙe ya ɗingisa ya koma, har alƙali ya tsayar da wasan a turmi na 11. A wannan dare ya rasa kambin da bai cika shekara guda a hannunsa ba. A wannan daren ne kuma masu yi masa dariya suka tabbatar cewa ba matsoraci ba ne.

Bayan shekara guda, ranar 25 ga Yuni, 1935, aka haɗa shi da wani matashi baƙar fata mai tasowa, Joe Louis, a filin wasa na Yankee. A lokacin Mussolini yana tara sojoji don auka wa ƙasar Habasha, abin da ya aikata a watan Oktoba na shekarar. Baƙaƙen fatar Amurka sun ɗauki Louis a matsayin wakilin Habasha, Carnera kuwa wakilin azzalumi, ko da yake ba shi ya kar zomon ba. Louis ya gama da shi a turmi na shida, unguwar Harlem ta kwana tana shagali. A Italiya kuwa hukuma ta umarci jaridu kada su buga hotonsa yana ƙasa. A 1936, a dambensa na biyu da Leroy Haynes, ƙafarsa ɗaya ta shanye na wani lokaci. Masu cin abinci da jikinsa suka watse, ya koma Sequals kusan hannu rabbana. A 1938 aka cire masa ƙoda ɗaya, a 1939 kuma ya yi aure.

Shekarun Silima

Mai iyali ba ya zama. A 1937 gwamnatin Italiya ta buɗe katafaren sansanin shirya fina-finai na Cinecittà a gefen birnin Rum, kuma masu shirya fim suna bukatar fuskar da kowa ya sani. Daga 1939 Carnera ya shiga fitowa a fina-finan Italiya a ƙananan matsayi: bara, dogari, ƙaton da ake tsorata mutane da shi. Mafi shahara a cikinsu shi ne La corona di ferro, wato Kambin Ƙarfe, na darakta Alessandro Blasetti, wanda ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Venice a 1941. Ya kuma leƙa a cikin Harlem na 1943, fim ɗin farfaganda da aka nuna ɗan damben Italiya ya doke baƙar fata a Amurka. Abin da ya gagara a fage, sai aka ƙaga shi a allo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu talauci ya sa ya sake ɗaura safar dambe, yana dab da shekara 40 da ƙoda ɗaya, wani mai suna Luigi Musina ya doke shi har sau uku. A 1946 ya ajiye dambe baki ɗaya. Ya yi wasa sama da 100, ya ci kusan 90, fiye da 70 daga ciki ta hanyar kayarwa, an kuma doke shi sau 14.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A wannan shekara ta 1946 ya koma Amurka ya shiga kokawar nishaɗi, irin wadda ake tsara yadda za ta ƙare tun kafin a shiga fili. Talabijin na fara yaɗuwa a gidaje, jama'a kuma suna ɗokin ganin tsohon zakara, don haka ya yi farin jini ƙwarai, ya yi ta zagaya ƙasashe har farkon shekarun 1960. A wannan karo shi da maiɗakinsa ne ke lura da abin da ke shigowa. Ya zauna da iyalinsa a yankin Los Angeles, ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1953, ya buɗe wurin kasuwanci, ya kuma ilimantar da 'ya'yansa biyu, har namijin ya zama likita.

Zama kusa da Hollywood ya sake buɗe masa ƙofar fim. A Mighty Joe Young na 1949 ya fito cikin ƙarfafa goma da suka yi jan igiya da wani ƙaton goggon biri, aka rinjaye su, shi kuma ya gwada kai wa goggon naushi, goggon ya ɗaga shi ya jefar. A 1954 ya fito a Prince Valiant, da kuma Casanova's Big Night tare da ɗan barkwancin nan Bob Hope. Matsayi mafi tsoka da ya samu shi ne a fim ɗin Ingila A Kid for Two Farthings na 1955, wanda Carol Reed ya ba da umarni, inda ya fito a matsayin Python Macklin, mugun ɗan kokawa da wani saurayi talaka na Landan ya tunkara don ya sami kuɗin zoben baiko. Ba wanda zai ce Carnera gwanin kwaikwayo ne. Jikinsa da muryarsa ake saye, kamar dai yadda aka saye su a tanti da fagen dambe. Bambancin shi ne yanzu ya san abin da aka rubuta, ya san kuma nawa za a biya shi.

Akwai wani fim da bai fito a ciki ba amma ya fi duk sauran taɓa shi. A 1947 marubuci Budd Schulberg ya wallafa ƙagaggen labari mai suna The Harder They Fall, a kan wani ƙaton baƙo mai sauƙin kai da 'yan damfara suka ɗaukaka da damben haɗa baki, suka tatse shi suka yar. A 1956 aka mai da shi fim, wanda shi ne na ƙarshe ga shahararren jarumi Humphrey Bogart. Wanda aka ɗauko ya fito a matsayin zakaran da ya lallasa ƙaton kuwa, ba kowa ba ne illa Max Baer. Carnera ya kai kamfanin Columbia ƙara yana neman diyyar dala miliyan ɗaya da rabi, amma bai yi nasara ba. Haka aka sake cin kasuwa da labarin cutar da aka yi masa, shi ko sisi bai gani ba.

Fitowarsa ta ƙarshe da ta shahara ita ce a wani fim ɗin Italiya na 1959, wanda aka nuna a Amurka da Ingila da sunan Hercules Unchained, tare da jarumi Steve Reeves. Ya fito a matsayin Antaeus, wani ƙato na tatsuniyoyin Girkawa wanda aka ce ƙasa ce mahaifiyarsa. Duk lokacin da aka kayar da shi jikinsa ya taɓa ƙasa, sai ƙarfinsa ya dawo ya miƙe. Ba a iya cin galabarsa sai an ɗaga shi sama an raba shi da ita.

Komawa Gida

A 1932, lokacin da kuɗi suka fara ratsawa ta hannunsa, Carnera ya gina gida a Sequals, har da ɗakin motsa jiki a gefensa. Cikin duk abin da ya samu a dambe, wannan gida na daga cikin ɗan abin da dillalai ba su kai hannu gare shi ba. A cikinsa ya fake lokacin da aka yar da shi a 1936, a cikinsa kuma ya ga ƙarshen yaƙi.

A tsakiyar shekarun 1960 ciwon hanta da ciwon sukari suka kwantar da shi a Amurka. Da ya fahimci cewa tafiya ta zo, sai ya nemi a mai da shi gida. A watan Mayu na 1967 ya sauka Italiya a keken marasa lafiya, mutanen ƙauyensu suka fito suka tarbe shi. Bayan 'yan makonni ya rasu yana da shekara 60, aka binne shi a maƙabartar garin. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Kammalawa

Daga baya hukumar garin Sequals ta mallaki gidan ta mai da shi gidan tarihi, ana kuma shirya gasar dambe da sunansa a garin. A 2008 darakta Renzo Martinelli ya fitar da fim a kan rayuwarsa. Ƙauyen da a da ba a san shi da komai ba sai fitar da 'yan cin rani, sunan ɗansa ne ya sa baƙi ke tattaki zuwa gare shi.

Duk wanda ya bar garinsu ya tafi birni da wata baiwa a hannu, ƙarfi ne ko ilimi ko sana'a, zai haɗu da irin su Léon See, masu ganin riba a jikinsa tun shi bai gani ba. Carnera ya kai kusan shekara 40 a duniya kafin ya koyi tambayar nawa aka biya, kuma wa ya karɓa. Da bai aza tubali a mahaifarsa ba a lokacin da yake da hali, da ranar da aka watse aka bar shi bai sami inda zai sa haƙarƙarinsa ba.